Fashin Baƙi: Annoba a Garin Kaboyi, Ina Tarihi Ya Tsaya, Ina Ƙagen Marubuci Ya Fara?

Wanda ya taso da kallon finafinan kaboyi, a sinima ne ko a akwatin talabijin, ya san ƙa'idar wasan: doki, bindiga a ƙugu, mashaya mai ƙofa tana lilo, da wani mugu da za a harbe kafin a tashi. Shi ya sa idan mai karatu ya ci karo da littafin kaboyi wanda babban abokin gaba a cikinsa cuta ce, an rufe hanyar shiga gari, likita guda ne, mai haƙar kabari ya fi kowa aiki, sai tambaya ta taso masa. Tun bayan kullen korona na 2020 ma tambayar ta ƙara kaifi: shin marubucin ya ɗauko abin da duniya ta gani kwanan nan ne ya ɗora masa hular kaboyi don littafi ya shiga kasuwa, ko kuwa da gaske haka aka yi rayuwa a can?

Amsar a taƙaice ita ce, in dai lissafin gawa za a yi, littafin annoba ya fi littafin bindiga kusa da gaskiya nesa ba kusa ba. Sai dai shi ma yana da nasa ƙarairayin, kuma sun fi na bindiga wuyar ganewa.

Wane gari ake nufi, kuma a wane zamani?

Labaran kaboyi suna faruwa ne a yammacin Amurka, galibi tsakanin tururuwar neman zinariya a Kalifoniya a 1849 zuwa wajajen 1890, shekarar da hukumar ƙidayar ƙasar ta ce babu sauran wani layi da za a nuna a ce nan ne mamayar Turawa ta tsaya. Garin bakin iyaka shi ne wanda ya tsiro a kan wannan layi: wani saboda an ga zinariya a rafi, wani saboda layin dogo ya iso, wani kuma saboda nan ake kawo garken shanu daga Texas a loda su a jirgin ƙasa. Dokar rabon filaye ta 1862, wadda ke bai wa mutum eka 160 in zai zauna ya noma, da haɗewar layin dogo daga gabas zuwa yamma a 1869, su suka ƙara buɗe ƙofa.

Hoton da duniya ta riƙe na wannan zamani ba daga mazauna wurin ya fito ba. Ƙananan littattafai masu arha ne da aka fara bugawa a New York a 1860, ana sayar da su santi 10, suka ƙera shi, kuma wasu daga cikin marubutansu ba su taɓa taka yammacin ƙasar ba. Abin da zai sayar suke nema. Harbe-harbe yana sayarwa. Mutumin da ya kwana uku yana zawo a cikin tanti ba ya sayarwa.

Bindiga ko ciwon ciki: wa ya fi kisa?

Masanin tarihi Robert Dykstra ya bi bayanan manyan garuruwan shanu biyar na jihar Kansas, wato Abilene, Ellsworth, Wichita, Dodge City da Caldwell, daga 1870 zuwa 1885. Kisan kai 45 ya samu gaba ɗaya. Kada a ɗauka wannan na nufin garuruwan zaman lafiya ne. Mutanen cikinsu kaɗan ne, don haka in an auna da yawan jama'a adadin ba ƙarami ba ne. Amma a ajiye shi kusa da wannan: a Sacramento kaɗai, kwalara ta shiga a watan Oktoban 1850, cikin 'yan makonni ta kashe mutum 800 zuwa 1,000, har da likitoci 17. Shekara guda kafin nan ta kashe fiye da 4,000 a St. Louis, garin da matafiya da yawa ke yin guzuri kafin su nausa yamma. Shahararren artabun bindiga na garin Tombstone na 1881 kuwa, wanda aka yi ta maimaita shi a fim har aka gaji, bai wuce daƙiƙa 30 ba, mutum 3 suka mutu.

Haka abin yake a kan hanya. Ayarin amalanken da ke bin hanyar Oregon da Kalifoniya kan shafe wata 4 zuwa 6 suna tafiya, kuma a fim abin tsoronsu shi ne 'yan asalin ƙasar su fito daga bayan tsauni da kibau. Wani masani, John Unruh, ya ƙirga tsakanin 1840 da 1860: matafiya 362 'yan asalin ƙasar suka kashe, su kuma matafiyan suka kashe musu 426. Waɗanda suka mutu a hanyar gaba ɗaya kuwa, ko a ƙiyasi mafi ƙanƙanta sun kai wajen 10,000, kuma cuta ce ta ɗauke mafi yawansu. Gaɓar Kogin Platte ita ce mafi muni. Ayari ya sauka, ya yi bayan gida, ya binne mamatansa kusa da ruwa, ya tashi. Gobe wani ayarin ya sauka daidai wurin, ya haƙa ɗan rami ya ɗebi ruwan sha.

Ko shahararren ɗan bindigar nan Doc Holliday, wanda yake cikin artabun Tombstone, ba harsashi ya kashe shi ba. Tarin fuka ne, a kan gado, a Glenwood Springs ta Colorado a 1887, yana ɗan shekara 36.

Me ya sa waɗannan garuruwa suka zama tarko?

Gari ne da ke cika kafin a tsara shi. Mutum dubu biyu ko uku su taru a kwari guda cikin wata ɗaya, yawancinsu samari marasa iyali, babu wanda ya zo da niyyar zama, kowa so yake ya samu rabonsa ya kama gabansa. Wanda bai yi niyyar zama ba kuwa ba zai kashe kuɗinsa a gyaran rijiya ko magudanar ruwa ba. Masai a sama, rijiya a ƙasa, mahauci na zubar da kayan ciki a rafin da ake ɗiba, mushen doki na kwance a titi kwana da kwanaki. Ga kwana a cunkushe, gado ɗaya ana karɓa-karɓa, bargo ɗaya ba wanki.

Sannan hanyar da ke kawo arziki ita ke kawo cutar. Jirgin ruwa mai tururi, keken dokin fasinja, jirgin ƙasa, ayarin soja: kowanne yana iya kawo mutum daga gari mai annoba kafin alamu su bayyana a jikinsa. Ellsworth misali ce. An kafa ta a 1867, a tsakiyar wannan shekarar ambaliya ta ci ta, kwalara ta ɓullo a barikin soja na Fort Harker da ke kusa, ta tsallako gari. Jama'a suka ce ƙafa me na ci ban ba ki ba, garin ya kusa zama kufai tun bai cika shekara ba.

Uwa uba, sau da yawa babu hukuma. A nan labarin garin Deadwood na yankin Black Hills ya cancanci a tsaya a kansa. Yankin Black Hills mallakin ƙabilar Lakota ne bisa yarjejeniyar Fort Laramie ta 1868. Da aka ga zinariya a 1874, masu haƙa suka kwararo ba izini, zuwa 1876 gari ya tashi a filin da doka ta ce ba nasu ba ne, don haka babu kotun da ke da hurumi, babu haraji, babu magajin gari. A ranar 2 ga Agustan 1876 aka harbe shahararren ɗan bindiga Wild Bill Hickok a mashaya yana caca, kuma wannan shi ne abin da duniya ta riƙe. A cikin watan nan dai agana ta ɓarke. Ita ce ta sa 'yan kasuwa suka zauna suka kafa kwamitin lafiya da tsaftar tituna, aka keɓe wurin killace masu ciwo, kuma ba da jimawa ba aka zaɓi magajin gari, aka fara karɓar kuɗin lasisi daga masu sana'a. Wato abin da kisan kai bai sa su yi ba, ƙuraje sun sa su.

Kowace cuta da irin labarin da take bayarwa

Marubuci ba ya zaɓar cuta da ka. Kwalara, wato amai da gudawa, sauri gare ta. Mutum ya karya kumallo lafiya lau, da azahar cikinsa ya ɓalle, zawon fari fat kamar ruwan wankin shinkafa, idanu su faɗa, fatar yatsu ta yamutse, jijiyoyin ƙafa su ɗaure, kafin asuba an naɗe shi a bargo. Labarin kwalara labarin firgici ne da gudu.

Agana kuwa haƙuri gare ta, kuma shi ya sa marubuta suka fi sonta. Tana kwana 10 zuwa 14 a jiki ba alama, don haka baƙon da ya sauka daga keken doki yana murmushi, ya yi aski, ya yi caca, ya kwana a masauki, ya riga ya zama abin zargi a babi na biyar. A haƙiƙa mai agana ba ya cika yaɗa ta sai zazzaɓi da ƙuraje sun fara, amma littafi ba ya son wannan bayani, don yana rage wa baƙon laifi. Tana kashe kusan 3 cikin 10, wanda ya tashi kuma ya tashi da zanen fuska, wani da makanta. Wanda ya taɓa yin ta ba ya sake yi, shi ya sa a labari da kuma a zahiri jinyar kan faɗa hannun waɗanda gari ya raina amma fuskarsu ta nuna sun riga sun sha: karuwa, mashayi, tsohon soja. Ana ba da labarin cewa Calamity Jane, wata shahararriyar macen bakin iyaka, ta yi jinyar masu agana a Deadwood, ko da yake rayuwarta ta cakuɗe da ƙari, har da wanda ita kanta ta yi wa kanta.

Ta ukun ita ce mashaƙo, mai kama yara. Wata fata mai toka-toka ce ke tsirowa a maƙogwaro har ta toshe numfashi, uwa na kallo. Iyali kan rasa 'ya'ya uku ko huɗu cikin mako biyu, kuma duwatsun kaburbura a tsofaffin maƙabartun yammacin Amurka suna nuna haka. Taifot da ƙyanda su ma sun yi ɓarna, sai dai ba su cika samun littafi nasu ba.

Likitan littafi da likitan gaske

A nan ƙarya ta farko take. Likitan littafi yakan zama mutum mai tunanin zamaninmu da aka jefa cikin 1870: yana wanke hannu, yana cewa a tafasa ruwa, yana zargin rijiya tun shafi na arba'in. Likitan gaske, in ma ya yi karatun, don a yankuna da yawa duk wanda ya rataya allo ya zama likita, galibi ya yarda cewa gurɓatacciyar iska mai tashi daga fadama da mushe ita ke kawo cuta. Gaskiya ne John Snow ya nuna alaƙar kwalara da famfon ruwa a Landan a 1854, amma likitoci da yawa ba su karɓa ba, kuma sai a 1883 zuwa 1884 Robert Koch ya tabbatar da ƙwayar cutar. Abin da ke jakar likitan bakin iyaka shi ne maganin wankin ciki mai sinadarin makuri, da ruwan ofiyam a cikin barasa, da wuƙar tsaga don zubar da jini. A ba mai gudawa maganin wankin ciki, a kuma zubar masa da jini: ba sai an faɗi sakamakon ba. Ruwan gishiri da sukari, wanda yau kowace uwa ta san shi, sai bayan kusan shekara ɗari aka gane ƙarfinsa, musamman a sansanonin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangladesh a 1971.

Agana ce kaɗai ke da rigakafi na gaske, tun aikin Edward Jenner a 1796. Matsalarta kai wa. Ɓawon ƙurji ake naɗewa a aika, ko a ɗiba daga hannun wanda aka yi wa a shafa wa na gaba, kuma zafi da doguwar tafiya kan kashe ƙarfinsa. Don haka wannan babi da jarumi ke sukuwa dare da rana don ya ɗauko magani yana da tushe idan agana ce. Idan kwalara ce, ko mashaƙo kafin shekarun 1890, babu abin da zai je ya ɗauko.

Rigimar da ba a ƙaga ba

Kusan kowane irin wannan littafi yana da mai otal ko mai banki da ke cewa a rufe baki kada kasuwa ta mutu, da likita mai cewa a rufe gari. Wannan kam ba ƙage ba ne. Garin bakin iyaka da sunansa yake ci: in labari ya fita cewa akwai annoba, shanu su koma wata tasha, masu sayen fili su fasa. Jaridun gari kan rage adadi ko su ce cutar tana garin maƙwabta. Misali mafi girma ya faru a San Faransisko a 1900, lokacin da annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta ɓullo: gwamnan Kalifoniya Henry Gage ya dage cewa babu ita, aka yi ta cin mutuncin jami'in lafiyar tarayya Joseph Kinyoun da ya tabbatar da ita har aka ɗauke shi daga wurin.

Killacewa ma gaskiya ce, da tutar rawaya a ƙofar gida, da bukkar masu ciwo a bayan gari wadda kowa ke tsoron shiga. A annobar shawara ta 1878 a kudancin ƙasar, wadda ta kashe fiye da 5,000 a Memphis, garuruwa sun tsayar da mutane da bindigogi a kan hanya suna kora masu gudun tsira. Gardamar ko hukuma na da ikon tilasta rigakafi ta yi ta jan ƙafa har Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 1905 cewa tana da shi.

Sai batun wanda za a ɗora wa laifi. A yammacin Amurka sau da yawa 'yan China ne, waɗanda suka haƙa ma'adinai suka shimfiɗa layin dogo. An zarge su da aganar San Faransisko ta 1876, kuma a 1900 igiya aka zagaya wa unguwarsu, aka bar Turawan da ke ciki su fita. Littafi mai kyau yakan nuna wannan zalunci. Maras kyau kuwa shi da kansa yake aikata shi: ya samo mutum guda, baƙo ko mugu, ya ce shi ya kawo cutar, a kashe shi a babin ƙarshe, zazzaɓi ya sauka. Wannan ce ƙarya ta biyu, kuma gado ce daga labarin bindiga, inda kowace matsala tana da ƙirjin da za a harba.

Garin da ba a rubuta littafinsa ba

Ƙarya ta uku ta shiru ce. Ɗaya daga cikin annobobin da suka fi muni a wannan yanki ba garin Turawa ta ci ba. A watan Yunin 1837 jirgin ruwan kamfanin fatu mai suna St. Peter's ya hau Kogin Missouri da masu agana a ciki, ya tsaya a Fort Clark kusa da ƙauyukan ƙabilar Mandan. Mutanen nan manoma ne, 'yan kasuwa, masu gidajen ƙasa, kimanin 1,600 zuwa 2,000. Zuwa ƙarshen annobar ba su kai 150 ba. Ɗaya daga cikin shugabanninsu, Mato-tope, wanda ya daɗe yana abota da Turawa, yana cikin mamatan. Francis Chardon, mai kula da tashar cinikin, ya riƙa rubuta adadin gawarwaki a kundinsa kullum har abin ya fi ƙarfin ƙirga. Cutar ta wuce ta ci Hidatsa, Arikara, Assiniboine da Blackfeet.

Ana yawan cewa da gangan aka raba musu barguna masu cuta. Wannan ya faru a Fort Pitt a 1763, akwai shi a rubuce. Amma game da 1837 masana tarihi ba su samu hujjar haka ba. Abin da ke da hujja ya isa abin kunya. Majalisar Amurka ta ware dala 12,000 a 1832 don yi wa 'yan asalin ƙasar rigakafin agana, Sakataren Yaƙi Lewis Cass kuma ya cire ƙabilun saman Missouri daga shirin. A can arewa, ɓangaren Kanada, wani likitan kamfanin Hudson's Bay, William Todd, da ya ji ƙishin-ƙishin sai ya fara yi wa mutane rigakafi, ya kuma koya wa shugabanninsu su yi wa nasu, ƙabilar Cree da yawa suka tsira. Cuta ɗaya, shekara ɗaya, bambancin shi ne wa aka ga ya cancanci a kai wa magani.

Masu yabo da masu suka

Masu son irin wannan littafi suna cewa ya buɗe ƙofar da labarin kaboyi ya daɗe da rufewa: mata, yara, masu wanki, masu haƙar kabari sun samu shiga, kuma jarumin da ya saba warware komai shi kaɗai ya gamu da abin da saurin hannu ba ya magani. Masu suka suna cewa sauya riga kawai aka yi, an cire ɗan fashi an sa cuta, jarumin dai shi ne. A ganina duk biyun suna faruwa, kuma wurin gane wanne ke hannunka shi ne babin ƙarshe: me ya tsayar da annobar? In jarumtar mutum guda ce, marubucin bai bar tsohuwar hanya ba. A tarihi abin da ya tsayar da ita ba shi da armashi: ko ta cinye masu saurin kamuwa ta lafa, ko sanyi ya shigo, ko an tara kuɗi an gyara ruwa an yi rigakafi.

Ko labarin gaske ma haka ake yi masa aski. A watan Janairun 1925 mashaƙo ya ɓullo a Nome ta Alaska, teku ta daskare, likita guda ne, Curtis Welch, maganin da ke hannunsa kuma ya lalace. Mutum 20 da karnukan jan kaya wajen 150 suka yi karɓa-karɓa da maganin daga Nenana, tafiyar kilomita 1,085 cikin kwana 5 da rabi. Yawancin masu tuƙin 'yan asalin Alaska ne. Amma mutum-mutumin da aka kafa a New York na kare guda ne, Balto, wanda ya yi zangon ƙarshe.

Me ya shafi mai karatu a nan?

Biyu daga cikin cututtukan nan uku ba tarihi ba ne a wurinmu. Kwalara tana dawowa da damina a garuruwan arewacin Nijeriya da Nijar, ta hanyar da ta bi a Kogin Platte: masai ya haɗu da ruwan sha. Mashaƙo ya ɓarke a 2023, Kano ce ta fi kowace jiha jin jiki, kuma yawancin yaran da ya kama ba su kammala rigakafi ba. Agana ce kaɗai ta tafi. An ga na ƙarshe da ya kamu da ita ta hanyar yaɗuwa tsakanin jama'a a Somaliya a 1977, aka sanar da kawar da ita a 1980, kuma lambar da ke dantsen dattawanmu ragowar wannan yaƙin ce.

Don haka mai karatun Hausa yana da ma'aunin da mai karatun New York na yau ba lalle yana da shi ba. Ya ga yadda ake ɓoye maras lafiya a ɗaki don gudun a ɗauke shi, ya ji yadda ake cewa 'yan wani gari ne suka kawo, ya san abin da kulle ke yi wa mai neman na yau da gobe. Haɗarin da ke cikin littafin a gare shi shi ne ya fito da tunanin cewa annoba tana da mai laifi guda da mai ceto guda, domin wannan tunani shi ke sa a kori baƙo a bar rijiya yadda take. Bambancin garinsa da Ellsworth ta 1867 kuwa a fili yake: ƙwayar cutar an san ta, allurar mashaƙo tana cikin rigakafin yara na yau da kullum da ake yi kyauta a asibitocin gwamnati, kuma ƙunshin gishiri da sukari yana kantin magani na bakin titi.